Harafi da lamba: ɗakuna da kuɗin aji na ɗaya a jirgin Titanic

A ranar 17 ga watan Afrilu na shekarar 1912, wani jirgin ruwa mai suna Mackay-Bennett, wanda aikinsa na kullum shi ne gyaran wayoyin sadarwa da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, ya tashi daga tashar Halifax ta ƙasar Kanada ɗauke da akwatunan gawa da ƙanƙara da masu gyaran mamata. Kamfanin White Star Line ne ya yi hayarsa domin ya je ya tsamo mutanen da jirgin Titanic ya bari a bisa ruwa kwana biyu kafin nan. Gawa 306 ya samo. Duk wadda aka hawo da ita sai a ba ta lamba, a rubuta kamanninta da tufafinta da abin da ke cikin aljihunta. Mai lamba 218 ta wani ma'aikaci ce, Herbert Cave, ɗaya daga cikin masu kai abinci a babban zauren aji na ɗaya. A jikinsa aka tarar da wasu ƴan shafuna masu rubutun inji waɗanda ruwan gishiri bai kai ga cinyewa ba. Sunayen fasinjojin aji na ɗaya ne, kowane suna da harafi da lamba a gabansa, wato ɗakin da aka ba mai sunan.

Wannan takarda, wadda masu bincike suka laƙaba wa sunan mutumin da aka same ta a jikinsa, ita ce ginshiƙin akasarin abin da aka sani a yau game da wane ya kwana a wane ɗaki. Littattafan ma'ajin jirgin, Hugh McElroy, sun nutse tare da jirgin, shi ma bai tsira ba. Takardar kuwa ba cikakkiya ba ce. An tsara ta tun jirgin bai bar Ingila ba, saboda haka akwai sunayen waɗanda suka fasa tafiya, babu na waɗanda suka yanki tikiti a ƙurarren lokaci, kuma ba ta san da waɗanda suka sauya ɗaki bayan sun shiga ba. Sauran gurabun an cike su ne da wasiƙun fasinjoji, da shaidar da aka bayar gaban kwamitocin bincike, da takardun neman diyya. Shi ya sa har ɗakin John Jacob Astor, wanda ya fi kowa dukiya a jirgin, bai kuɓuta daga jayayya ba: littattafai da yawa sun sanya shi a C-62 da C-64, wasu masu bincike ba su yarda ba. Duk da wannan giɓi, idan aka jera takardar Cave kusa da kuɗin tikitin da ya saura a ofisoshin kamfanin a tudu, sai a ga cewa abin da ake kira aji na ɗaya tsani ne mai matakai da yawa, kuma tazarar da ke tsakanin na samansa da na ƙasansa ta fi wadda ke tsakanin na ƙasansa da aji na uku.

Kafin a fahimci lambobin, tilas a san fasalin jirgin. An ƙera Titanic a Belfast, a masana'antar Harland and Wolff, tsawonsa mita 269. Hawa-hawa yake kamar dogon bene. A ƙoli akwai hawan da aka rataye jiragen ceto, daga nan sai a sauko hawa A, B, C, D, E, F, har zuwa G da ke dab da ruwa. Ɗakunan aji na ɗaya sun mamaye tsakiyar jirgin tun daga ƙoli har zuwa E, domin tsakiya ita ce wurin da igiyar ruwa ba ta cika jijjigawa ba, kuma ƙarar farfela ba ta isa. Aji na biyu yana ta baya. Aji na uku kuwa an raba shi gida biyu: maza marasa iyali a goshin jirgin, mata da masu iyali a can ƙarshen baya, duka a hawan ƙasa. Mai karatu zai zaci ɗakin da ya fi tsayi shi ya fi tsada, alhali ba haka abin yake ba. Hawa A ƙananan ɗakuna gare shi. Manyan sassa, masu falo da ɗakin kwana biyu da makewayi na kansu, suna B da C ne, guda huɗu kacal. Sauran ɗakunan waɗannan hawa biyu an ƙawata su da salon fadojin Turai: wannan na zamanin Louis na 15, wancan na Louis na 16, wani na daular Napoleon, wani na tsofaffin gidajen Holan. Amma da yawa daga cikin masu aji na ɗaya ba su da wurin wanka a ɗaki. Sai mutum ya gaya wa ma'aikaci ya kama masa layi a bahon da ake tarayya.

Kuɗin da aka yi cinikin da shi ba baƙo ba ne ga kunnen Bahaushe, domin sunayensa sun daɗe da shiga harshe: fam, da sule, da kwabo. Fam ɗaya sule 20 ne, sule ɗaya kwabo 12. A wancan zamani fam ɗaya yana daidai da kimanin faran 25 na Faransa, wato dala biyar a lissafin kasuwa, sai dai faran ne na zinariya, ba na sefa ba, wanda bai zo ba sai a 1945. Da wannan ma'auni, mai aji na uku ya biya tsakanin fam 7 da fam 8 daga Ingila zuwa New York, mai aji na biyu kimanin fam 13, mai ƙaramin ɗaki a aji na ɗaya kuma fam 26 zuwa 30. Margaret Brown, matar nan ta jihar Colorado da ta yi suna bayan hatsarin saboda jarumtar da ta nuna a jirgin ceto, ba ta kai ga biyan fam 28 ba. Abinci yana cikin kuɗin, a kowane aji.

Tikitin da ya fi kowane tsada shi ne na Charlotte Cardeza, ƴar wani attajirin masaƙa ta birnin Philadelphia: fam 512 da sule 6 da kwabo 7, kusan faran 13,000. Ita aka ba sashen B-51, 53 da 55, mai barandar shan iska ta kansa wadda tsawonta ya kai mita 15, inda babu mai takawa sai ita da baƙinta. Ta shigo da manyan akwatuna 14, ban da ƙanana. Sau da yawa akan ci karo da adadin fam 870 a matsayin kuɗin wannan sashe; wannan farashin lokacin bazarar Turai ne, sa'ad da attajiran Amurka ke tururuwa. Watan Afrilu ba lokacin cunkoso ba ne, ga shi kuma yajin aikin masu haƙar kwal a Birtaniya, wanda bai ƙare ba sai ranar 6 ga watan, ya dagula shirin tafiye-tafiye. Jirgin da ke da gurbin mutum sama da 800 a aji na ɗaya ya tashi da kimanin 325. Babu wanda ya biya fam 870 a wannan tafiya.

A nan akwai wani tarko da malamai ya kamata su kiyaye, musamman yanzu da jerin fasinjojin Titanic ya zama abin koyar da lissafi a kwamfuta. Adadin da ke gaban suna kuɗin tikiti ne, ba kuɗin mutum ɗaya ba, kuma tikiti ɗaya yakan ɗauki gida guda. Fam 512 na uwargida Cardeza ya haɗa da ɗanta Thomas, da hadimarta, da hadimin ɗan. Idan aka raba, fam 128 ke nan kowane kai. Iyalin Fortune na birnin Winnipeg sun biya fam 263, amma su shida ne a ɗakuna uku na hawa C, wato kimanin fam 44 kowannensu. Isidor Straus, mai babban kantin Macy's na New York, da matarsa Ida, da barorinsu biyu, sun biya fam 221 da ƴan kai a C-55 da 57. Astor ya biya sama da fam 220 domin kansa da amaryarsa Madeleine da masu yi musu hidima uku. Ko da an yi wannan rabo, tsanin bai rushe ba: kan mutum ɗaya a sashen Cardeza ya ninka na mai ƙaramin ɗaki kusan sau biyar, alhali na mai ƙaramin ɗakin bai ninka na aji na uku ba sai sau uku da wani abu.

Wani abin mamaki shi ne, ɗayan sashen mai baranda, B-52, 54 da 56, ba a biya masa ko kwabo ba. Shugaban kamfanin ne, Bruce Ismay, ya shige shi, kuma mai gida ba ya yankar tikiti a gidansa. Shi ne ma ya lura a jirgin Olympic, yayan Titanic, cewa fasinjoji ba su damu da doguwar barandar hawa B ba, sai aka datse ta a sabon jirgin aka mayar da ita ɗakunan haya. Iska ba ta kawo riba, gado yana kawowa. Thomas Andrews, injiniyan da ya jagoranci zanen jirgin, shi ma kyauta ya shiga A-36. Waɗanda suka kalli fim ɗin James Cameron na 1997, wanda ya zaga gidajen bidiyo har masu shirya finafinan Hausa suka kwaikwayi labarinsa, sun ga wannan sashe na Ismay ba tare da sun sani ba, domin a nan aka ajiye budurwar labarin da saurayin da aka yi mata baiko da shi, mutanen da ba su taɓa rayuwa ba.

Takwaran ɗakin Andrews, A-37, ya faɗa hannun wani matashi ɗan ƙasar Ailan mai koyon aikin limancin Katolika, Francis Browne, wanda kawunsa ya saya wa tikitin fam 4. Ba New York ya nufa ba. Jirgin ya bar Southampton da tsakar ranar Laraba 10 ga Afrilu, ya tsaya Cherbourg ta Faransa da magariba, washegari ya tsaya Queenstown ta Ailan, kuma akwai masu sauka a waɗannan zango biyu. Wasu attajirai da suka ci abinci tare da Browne sun yi tayin biya masa sauran tafiyar, ya nemi izini ta wayar iska, shugabansa ya umarce shi da ya sauka. Ya sauka da na'urar ɗaukar hotonsa. Albarkacin wannan umarni ne ake da wasu daga cikin hotuna ƙalilan na rayuwar cikin jirgin, har da na ɗakin da ya kwana.

Jerin sunayen yana bayyana matsayi, amma yana kuma rufa asiri, kuma kamfanin bai ɗauki binciken wannan a matsayin aikinsa ba. Sir Cosmo Duff-Gordon da matarsa Lucy, shahararriyar mai ɗinkin kayan mata, sun yi rajista da sunan Morgan, shi a A-16, ita a A-20. Benjamin Guggenheim, ɗan gidan masu arzikin ma'adinai, yana hawa B da hadiminsa a kan tikitin fam 79, direbansa yana aji na biyu, wata mawaƙiya Bafaranshiya da ke tare da shi kuma tana B-35 a kan tikiti dabam. Akwai ƴan caca na sana'a da suka shiga da sunayen aro domin su yi kiwo a ɗakin shan taba. Akwai kuma wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 20, Alfred Nourney, da ya shigo a Cherbourg da tikitin aji na biyu na ƙasa da fam 14, ya naɗa wa kansa sarautar baron, ya raina ɗakin da aka ba shi, ya je wurin ma'aji ya cika kimanin fam 38, aka mayar da shi D-38. Wannan ƙaramin labari ya nuna yadda ƙofar take: babu mai tambayar asali, iya kuɗinka iya shagalinka. A hawa E ma akwai ɗakunan da kamfanin ke sayarwa yau a matsayin aji na ɗaya, gobe a matsayin na biyu, gwargwadon yadda kasuwa ta kaya.

Sai kuma waɗanda ƙidaya ta sanya a aji na ɗaya alhali ba su da ko kujera a teburinsa. Hadimai da kuyangi da masu renon yara suna cikin adadin 325, domin a tikitin iyayen gidansu suke. Galibi akan ba su ƙananan ɗakunan ciki marasa taga, kusa da inda za su ji kira, kuma suna da nasu ɗakin cin abinci a hawa C, nesa da babban zauren hawa D. A cikin masu rakiya akwai ɗan Afirka guda, Hammad Hassab, tafinta kuma ja-gora ɗan ƙasar Masar, wanda Henry Sleeper Harper, na gidan masu buga littattafai a New York, ya taho da shi daga Alƙahira. An ba shi D-49, maigidan da matarsa suna D-33. A Cherbourg suka shiga, inda mutum 274 suka hau a daren, kuma tun daga bakin tasha aka tace su, saboda jirgin ya fi ƙarfin matsayar: ƙaramin jirgi Nomadic ya kwaso aji na ɗaya da na biyu, Traffic ya kwaso na uku da buhunan wasiƙu. Cikin na ukun akwai mutanen Sham da Labanan da yawa, reshe ne na ƙaurar nan da ta kai ƴan'uwansu Dakar da Kano. Nomadic yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi a Belfast.

A cikin fasinjojin Nomadic na wannan dare akwai Joseph Laroche, injiniya ɗan ƙasar Haiti da ya yi karatu a Faransa, ya auri Bafaranshiya, ya rasa aikin da ya dace da iliminsa saboda launin fatarsa, ya yanke shawarar komawa gida. Kamar yadda iyalinsa suka ba da labari, da farko a sabon jirgin Faransa mai suna France suka kama wuri, sai suka ji cewa ba a barin yara su ci abinci tare da iyayensu, suka sauya zuwa aji na biyu na Titanic. Fam 41 da sule 11 ya biya domin kansa da matarsa Juliette, mai juna biyu, da ƴaƴansu mata biyu. Matar da yaran sun tsira, shi bai tsira ba.

Tikiti ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Wankan tururi irin na Turkawa sule 4 ne, kujerar kishingiɗa a baranda sule 4 har ƙarshen tafiya, saƙon wayar iska sule 12 da sisi a kan kalma goma na farko. Wanda ya raina abincin babban zaure yana iya zuwa gidan abincin hawa B, wanda wani Ba'italiye, Luigi Gatti, ke gudanarwa, ya biya kowane kwano dabam; idan tun farko ya ce a can zai riƙa ci, sai a rage masa fam 3 zuwa 5 daga tikitinsa. Waɗannan lambobi ba su da ma'ana sai an auna su da albashin waɗanda ke ɗaukar farantin. Ma'aikaci irin Herbert Cave fam 3 da sule 15 yake karɓa a wata, wato sule 2 da sisi a yini, sauran sai abin da fasinja ya ga dama ya miƙa masa. Wanka ɗaya na tururi ya fi ladan yininsa, saƙon kalma goma ya cinye na kwana biyar. Tikitin uwargida Cardeza albashinsa ne na shekara 11 da ƴan watanni. Mai zuba kwal a tanderu, da ke karɓar fam 6, sai ya yi shekara 7 yana shan wuta kafin ya tara kwatankwacinsa. Kaftin Edward Smith kansa, mai fam 1,250 a shekara, sai ya haɗa albashin kusan wata biyar.

Ba daidai ba ne a ce aji na uku kurkuku ne. Kamfanonin jiragen ruwa sun dogara ƙwarai da masu ƙaura zuwa Amurka, kuma White Star ya yi ƙoƙarin jawo su da ƙananan ɗakuna a maimakon manyan zaurukan kwana na da, da abinci sau uku a kan tebur mai shimfiɗa. Sai dai baho biyu ne kawai aka tanadar wa mutum sama da 700, kuma akwai ƙofofi da shingaye tsakaninsu da sauran jirgin, kamar yadda dokokin shige da fice na Amurka suka buƙata saboda tsoron cututtuka. Frederick Goodwin ya biya fam 46 da sule 18 domin kansa da matarsa da ƴaƴa shida. Iyalin Sage, su goma sha ɗaya, sun biya fam 69 da sule 11, ƙasa da abin da Guggenheim ya biya wa kansa da hadiminsa.

Da ƙarfe 11 da minti 40 na daren Lahadi 14 ga Afrilu jirgin ya gogi dutsen ƙanƙara, da ƙarfe 2 da minti 20 na asubahin Litinin ya nutse. A cikin waɗannan sa'o'i biyu da minti arba'in, harafin da ke gaban lambar ɗaki ya sauya ma'ana: ya zama ma'aunin nisa tsakanin gadon mutum da jirgin ceto. Jiragen ceton 20 ne, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali akwai rai kimanin 2,200 a ciki. Doka ba ta karye ba, domin ƙa'idar 1894 da nauyin jirgi take lissafi ba da yawan mutane ba, kuma 16 kawai ta wajabta. Ba a rataye ko ɗaya a farfajiyar aji na uku ba. Mai ɗaki a hawa A matakala ɗaya zai taka. Mai ɗaki a B ko C yana da babbar matakala mai faɗi da ke kai shi kai tsaye, ga ma'aikacin da ke kula da ƴan ɗakuna kaɗan ya zo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya taya shi ɗaura rigar ruwa. Mai ɗaki a F ko G sai ya bi lunguna da bai taɓa bi ba, yana karanta alamu da harshen da wataƙila ba ya ji, cikin jirgin da ya fara karkata.

Alƙaluman kwamitin binciken Birtaniya sun isa shaida. Cikin mata 144 na aji na ɗaya, huɗu ne suka rasu, ɗayarsu Ida Straus ce, wadda ta ƙi rabuwa da mijinta, ta tura hadimarta cikin jirgin ceto. Cikin mata 165 na aji na uku, 76 suka tsira. Yarinya ɗaya ce ta rasu a aji na ɗaya, Loraine Allison, ƴar shekara biyu, ta ɗakunan C-22 da 26. A aji na uku, yara 27 ne suka rayu cikin 79. Gidan Goodwin duka takwas sun tafi, gidan Sage duka goma sha ɗaya. Kwamitin, ƙarƙashin Lord Mersey, ya yanke cewa ba a nuna wa aji na uku bambanci ba, kuma ya kai ga wannan hukunci ba tare da ya saurari ko fasinja ɗaya na wannan aji ba. Kwamitin majalisar dattawan Amurka ya saurari uku. Ana iya yarda cewa babu jami'in da ya ba da umarnin a bar talakawa su mutu. Ba a buƙatar irin wannan umarni a jirgin da zanensa ya riga ya yi rabon.

Amma wanda ya ce kuɗi ne kaɗai ya raba rai da mutuwa, shi ma bai karanta jerin da kyau ba. Maza 175 ne a aji na ɗaya, 57 suka tsira. Mace a aji na uku ta fi attajiri namiji samun wuri. Mazan aji na biyu su suka fi kowa shan kashi, 14 cikin 168. Stephen Blackwell, wanda ya biya fam 35 da sule 10, yana ɗakin T a can ƙoli, taku kaɗan daga jiragen ceto, kuma bai tsira ba. Ga namiji, ɓangaren da ya fito ya fi harafin ɗakinsa muhimmanci. A hagu, jami'i Charles Lightoller ya fahimci umarnin kaftin da cewa mata da yara kaɗai, shi ya hana Astor bin matarsa mai ciki cikin jirgi na 4 alhali akwai gurbi. A dama, William Murdoch yakan bar maza su shiga idan babu mace a kusa. Ta nan uwargida Cardeza da ɗanta da barorinsu biyu suka shiga jirgi na 3, tare da Harper da matarsa da Hammad Hassab da ɗan karen Harper. Ta nan Nourney ya shiga jirgi na 7, na farkon da aka saukar. Cikon fam 38 ya yi masa rana. Ta nan kuma aka saukar da jirgi na 1 da mutum 12 a gurbin 40, cikinsu har da Duff-Gordon da matarsa, kuma fam biyar-biyar da ya ba ma'aikatan da suka tuƙa shi ya zame masa abin zargi har ƙarshen rayuwarsa. Ismay ya tsira a ɗaya daga cikin jiragen ƙarshe, hadiminsa da sakatarensa sun mutu, jaridun Amurka kuma ba su yafe masa ba.

Rabon aji bai tsaya da nutsewar jirgin ba. A kan Mackay-Bennett, gawar da tufafinta suka nuna ta aji na ɗaya ce akan gyara ta a sa a akwati. Sauran a naɗe su da tamfol. Da kayan gyaran suka yi ƙaranci, an mayar da 116 cikin teku, galibinsu ma'aikata da masu aji na uku, aka iso Halifax da 190 ranar 30 ga Afrilu. Astor shi ne mai lamba 124, kuma cikin abin da aka samu a aljihunsa akwai takardun fam 225, kusan kuɗin tikitinsa, ban da dalolin Amurka sama da 2,000. An kai shi New York. Cave an binne shi a maƙabartar Fairview ta Halifax. Albashin ma'aikatan jirgin, bisa ƙa'idar wancan zamani, ya tsaya ne a ranar da jirgin ya nutse.

Da aka zo shari'a a Amurka, kuɗin tikitin ya sake fitowa ta wata ƙofa. Uwargida Cardeza ta nemi diyyar kayanta ta sama da dalar Amurka 177,000. Wani ɗan ƙasar Suwidin ya nemi 100,000 saboda zane guda ɗaya na Bafaranshe Blondel, William Carter kuma ya nemi 5,000 saboda sabuwar motarsa ƙirar Renault. Jimillar abin da aka nema, na rayuka da na dukiya, ya haura dala miliyan 16. Kamfanin ya fake da wata dokar Amurka ta 1851, wadda ta ce alhakin mai jirgi bai wuce darajar abin da ya saura na jirgin ba, haɗe da kuɗin fasinja da na kaya na wannan tafiya. Abin da ya saura na Titanic shi ne jiragen ceto 13 da Carpathia ya kai New York. Da aka haɗa su da kuɗin tafiyar, lissafin kamfanin bai kai dala 100,000 ba. An yi ta ja-in-ja har watan Disamba na 1915, sannan aka sasanta a kan dala 664,000, aka raba wa masu ƙara.